Burtalin Masu Keke

Mahaifina malamin allo ne a bayan garin Rano, kuma tun kafin a haife ni yake da keke. Ranar Alhamis ba a karatun allo, saboda haka ita ya mayar ranar tafiyarsa. Da hantsi zai ɗaure gafakar littattafai a kariyar bayan keken, ya tattare babbar riga ya aza a kafaɗa, ya taka feda sai Kibiya. A can akwai wani zaure da wasu dattawa suke jiransa, wasu daga Durba, wasu daga Fammar, manoma da 'yan tireda waɗanda ba su samu yin ilimi da ƙuruciya ba. Yana karanta musu littafin fikihu baƙi-baƙi, suna tambaya, suna musu, suna gyangyaɗi. Ba abin da yake samu sai fura da girmamawa. Amma duk wanda ya ga fuskarsa safiyar Alhamis ya san sauran kwana shidan jira kawai yake yi.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. Tun da na fara koyarwa a firamare ya laƙaba min Malamin boko, in kuma ransa a ɓace yake, sai dai in ji "kai". Doguwar hira ba ta taɓa haɗa mu ba. Zan tsuguna in gaishe shi, ya amsa a gajarce, in tashi. Haka aka rene mu, ban kuma taɓa ganin aibun abin ba sai da na buƙaci in faɗa masa wata magana mai nauyi, na nemi ƙofar shiga na rasa.

Da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, hanyar Rano zuwa Kibiya ta sauya hali. An sake zuba mata kwalta ta yi sumul, 'yan siyasa kuma suka shiga rabon babura kamar goron ɗaurin aure. Saurayin da jiya ko keke bai gama iyawa ba, yau ya wayi gari ɗan acaba. Motocin haya da a da ramuka suke ladabtar da su suka samu sarari. Sabuwar kwaltar ta fi tsohuwar tudu, bakinta a yanke, daga nan sai kwari, daga kwari sai gona. In mota ta matse ka, ka ce za ka sauka gefe, faɗuwa ce kawai ke jiranka. Aka fara kwasar mutane. Wani mai kai man gyaɗa na unguwarmu ya karye a cinya. Wani mai ɗauko rake daga wajen Rurum, shi ko asibiti ba a kai da shi ba.

Bayan jana'izar mai raken ne muka fara taruwa a rumfar mai faci da ke bakin tasha. Mai facin nan gajere ne, bakinsa ya fi hannunsa sauri, kuma kafin kowa ya farga ya naɗa kansa shugaban masu keke. Ni aka ba sakatare, ba don wata cancanta ba, sai don biro da ke maƙale a aljihuna. Kowa ya yarda an zalunce mu. Abin da za a roƙa ne ya raba kanmu gida biyu.

"Ku daina yaudarar kanku," in ji mai faci, yana nuna titi da abin bugun iska. "Mai inji da mai gwiwa ba za su taɓa zama lafiya a hanya ɗaya ba. A yanka mana tamu daban, ko faɗin tabarma ne. Su je can su ƙarata da junansu."

Mahaifina ba mai zuwa taro ba ne, amma wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo, aka ba shi benci. Ya bari kowa ya gama, sannan ya yi gyaran murya.

"Hanya ba ta mai inji ba ce," ya ce. "Ta jama'a ce, kuma tana da haƙƙi. Mai sauri ya saurara wa mai tafiya a hankali, mai ƙarfi ya tausaya wa marar ƙarfi. Yanzu da ake cewa an kawo Shari'a, ai a kan titin nan ya kamata mu fara ganinta. Ku roƙa a ja wa direbobi kunne, a koya wa samarin nan tuƙi. Amma in muka sauka da ƙafarmu, mun gaya musu ke nan dama can ba mu da rabo a ciki."

"Allah gafarta Malam," mai faci ya ce, "ɗan acaban da ya fito neman na cefane da rana tsaka, ina ya ga lokacin jin fikihu? Kafin ka gama yi masa bayanin haƙƙin hanya ya bi ta kanka."

Aka yi dariya, har da mahaifina. Amma daga ranar aka samu 'yan kwalta da 'yan gefe. Masu ɗaukar kaya mai nauyi, irin su buhun gyaɗa da jarkar mai, sun fi son a zauna a kwalta, don nan ne taya take gudu ba wahala. Waɗanda aka taɓa kayarwa, da waɗanda suka ga gawar mai rake, gefe suke so. Muka yi makonni muna abu ɗaya, kullum a watse ba matsaya, wani lokaci har da ɗaga murya. Ni kuwa bakina yana tare da mahaifina, zuciyata tana wurin mai faci. Na san abin da sauran ba su sani ba: kunnensa na hagu ya fara nauyi, sai mota ta zo dab da shi yake jin hon. Duk Alhamis sai na ji ƙarar kekensa a ƙofar gida sannan hankalina yake kwanciya.

Ni na kawo maganar da ta sasanta su, kuma na ji daɗin kaina ba kaɗan ba. Na ce a roƙa a faɗaɗa bakin titin, a zuba marmara a daddaɓe, ya zama namu. Wanda ya ga dama ya bi nan, wanda ya fi son kwalta ya hau abinsa, ba a hana kowa komai ba. A lokacin an kafa wani kwamiti na rage haɗura, da dattawa da wakilan direbobi a ciki, shi za mu kai wa takarda. Wani ya ce min manya ba sa karanta doguwar wasiƙa, don haka na matse duk bayanin nan ya koma jimla guda: muna roƙo a ware wa masu keke gefen titi. Na karanta musu daga rubutun hannuna, kowa ya ce madalla.

Mahaifina ne kaɗai ya tsaya.

"Malamin boko, babu wanda za a sauke daga kwalta?"

"Babu, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Ƙari ne muke nema, ba ragi ba."

Washegari na zauna gaban tafiretar makarantarmu, na buga takardar da yatsa biyu, har da kwafin kabon don ajiya. Ina sauri ne in gama kafin hedimasta ya dawo ya ga ina cinye masa ribon. Na kai rumfar mai faci, masu dangwale suka dangwala, masu sa hannu suka sa. Yawancinsu ba sa karanta boko. Mai faci yana iyawa, amma ya ce me zai duba a aikin malamin makaranta. Mahaifina ya sa hannu a layi na biyu.

Ranar kasuwa, ina tsaye wajen masu tumatir, na ji mai shela da lasifikarsa. Ya ce ana sanar da jama'a, bisa roƙon da masu keke suka yi da kansu, daga yau an ware su daga kan kwalta. Duk mai keke da zai bi hanyar Kibiya, ya bi ta burtali. Ya maimaita har sau uku, yana jan kalmar "da kansu". Na bar tumatir ɗin a faifai na nufi gida kamar wanda aka aika. Na buɗe akwati, na zaro kwafin, na karanta. Sai na sake karantawa da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma.

Muna roƙo a ware masu keke gefen titi.

Na tsallake "wa". Ɗan abin nan da ko numfashi ba ya ci. A ware wa mutum abu, an ba shi ke nan. A ware mutum kuwa, an fitar da shi daga cikin jama'a. Kuma a shekarun nan babu kalmar da ta kai "ware" yawo a bakin mutane: a ware maza da mata a mota, a ware su a wurin biki, a ware su a layin asibiti. Duk wanda ya ga takardar nan ba zai yi dogon tunani ba. Ga mutane sun zo da kansu suna cewa a ware su, ga direbobi a cikin kwamiti da dama abin da suke so ke nan, ga shi ba sai an sayi ko tifa ɗaya ta marmara ba. Gefen titi kuwa kwari ne da gonaki. Hanyar da ta rage a gefe ita ce tsohon burtali.

Wanda bai san burtali ba, hanyar shanu ce da ake bari tsakanin gonaki, a dasa aguwa hagu da dama don kada dabba ta shiga shuka. Namu yana tafiya kusa da titin, wani wuri ya matso, wani wuri ya yi nisa ya zagaya bayan dutse. Da rani rairayi ne da ke haɗiye taya, da ƙayar tsidau shimfiɗe. Da damina kuwa ba a cewa komai. In ka shiga, babu fita sai ka kai inda shingen ya yanke.

Alhamis ta zo, na ga mahaifina ya fito da keke, na tsuguna kusa da shi.

"Baba, wannan fa ba doka ba ce, shela ce kawai. Ka bi kwaltarka."

"Hannuna yana kan takardar?"

"Yana kai."

"To ni na roƙa, aka ba ni. Ina can ina karantar da mutane cika alkawari da bin na gaba, sannan a gan ni ina satar hanya? Wanda ya juya maganar dai, shi da Allah."

Ya ɗauka mai faci ne ya bi ta bayan fage ya shirya da kwamiti, tunda dama ra'ayinsa ke nan. Na ga inda zarginsa ya nufa, kuma na yi shiru. Wannan shirun ya fi kuskuren muni, na sani tun a lokacin. Tun daga ranar ya daina kai wa mai faci gyara, ya koma yin facinsa da kansa a zaure. Shi kuwa mai faci da farko har ƙiba ya yi, don tsidau ya kawo masa kasuwar da bai taɓa gani ba, layi ake yi a rumfarsa. Sai da mutane suka fara jingine kekunan gaba ɗaya suna hawa acaba, sannan ya gane abin da ya same shi. Shi ma kwamiti yake zagi. Babu wanda ya taɓa cewa in kawo kwafin a duba.

Ban zauna ba. Na buga sabuwar takarda, na duba ta har idona ya yi ja, na kai wa magatakardan kwamitin a ɓoye. Ya ɗora tsohuwar da sabuwar a tebur, ya daɗe yana neman bambancin, sai da na nuna masa da yatsa. Ya tuntsire da dariya har da buga tebur.

"Haba Malam! Hausa ce fa, ba Turanci ba. Kai da kake koya wa 'ya'yanmu?"

Da ya gama dariyar ya ce shi ba shi da ikon warware abin da aka riga aka yi shela. In ina so, in tattaro duk waɗanda suka sa hannu, in tsaya gabansu da gaban kwamiti in ce ni na yi kuskure, sannan a duba. Na ce to. Na fito ina lissafa fuskokin da zan tsaya a gabansu, da na zo kan ta mahaifina sai na daina lissafin. Na ce bari in bari sai wani makon. Da wani makon ya zo aka ce shugaban kwamitin ya tafi Umara. Da ya dawo aka ce ba a zama sai bayan Sallah. Kowane jinkiri na karɓe shi hannu biyu, ina cewa a raina ba laifina ba ne.

Kafin nan abin ya riga ya fi ƙarfin takarda. Direbobi da 'yan acaba suka samu sabuwar kalma. Duk mai keken da ya yi kasada ya hau kwalta, sai a matse shi a leƙo ta taga a ce, "Burtali!" Har tsofaffi ake yi wa. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda laifi ya sauya gida. A da in mota ta buge mai keke, direba ake kama. Yanzu tambayar farko ita ce me ya kai shi kwalta, ba an ware su ba? Mun shiga neman a ƙara mana, mun fito ko abin da muke da shi babu.

Mahaifina ya jure rani guda. Tafiyar da yake yi ya dawo kafin la'asar ta koma sai rana ta yi ja. Rabin hanya turawa yake yi. Zai dawo ƙafafu fari fat, ya zauna ya cire tsidau daga taya ɗaya bayan ɗaya. Ina gaishe shi, ina kallon tayar, in tashi ban faɗa masa ba.

Da damina ta sauka, wata Alhamis ta faɗo cikin hutun makaranta, na ce zan raka shi. Bai hana ni ba. An yi ruwa da asuba. Muka shiga burtali yana gaba ina baya, taɓo yana cika tsakanin taya da madigadi har wili ya daina juyawa, mu tsaya mu ƙwaƙule da kara, mu ci gaba. Mun kai wajen rabin hanya, inda shingen ya fi matsewa, sai muka ji su. Garken shanu ne ya taho daga gabanmu, ya cika burtalin daga aguwa zuwa aguwa. Muka juya don mu koma, sai ga wani garken ya biyo bayanmu. Shuka ta fito ko'ina, makiyaya ba su da wurin bi sai nan.

Muka lafe jikin shinge. Mahaifina ya kwance gafakar ya ɗora a ka, hannu ɗaya ya dafe ta, ɗayan yana riƙe da keke. Shanu suka yi ta wucewa suna gogar mu, suna fallatsa mana taɓo da kashi, ƙaho yana wuce fuskarsa da tazarar ɗan yatsa. Garke biyun suka cakuɗe, suka tsaya cik, ba gaba ba baya. Ƙafafunsa sun nutse har idon sawu. Kuma a bayan aguwar nan, nisan jifa kawai, ga kwalta. Muna jin motoci suna wucewa fiu, fiu, a bushe.

Wani dattijon Bafulatani ya kutso da sandarsa yana raba su, da ya ga farin gemun mahaifina sai ya rusuna.

"Malam, ka yi haƙuri. Wallahi mu ma ba mu da wata hanyar. Wa ya turo ku nan?"

"Mu muka roƙa," in ji mahaifina.

Bafulatanin ya dube shi, ya dube ni, bai gane ba, ya ci gaba da kora. Ni kuwa ji na yi kamar in nutse cikin taɓon. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki a wurin nan, har na ce, "Baba." Ya ce, "Riƙe keken," na riƙe, ya gyara gafakar, maganar ta koma ciki.

Sai bayan azahar muka isa Kibiya. Dattawan sun jira har sun gaji, na nesa sun kama hanya saboda hadari ya sake haɗowa. Tabarmi kawai muka tarar, da mai zauren yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Mahaifina ya wanke ƙafa, ya yi salla, ya zauna inda ya saba zama, ya buɗe littafin ya rufe. Muka juyo.

Ya ce zai dakata sai ruwa ya ɗauke. Na ce in samo masa ɗan acaba mai hankali ya riƙa kai shi. Sau ɗaya ya yarda, ya dawo ya ce jiri yake ɗibarsa, ya kasa haɗa jimla biyu a wurin karatu. Ya kuma ce ba zai riƙa zama a bayan mutanen da suke yi wa sa'o'insa ihun burtali ba. Dattawan suka gwada zuwa wurinsa a Rano, sau biyu ko uku, amma ga tsufa ga aikin gona, abin bai ɗore ba. Ruwa ya ɗauke, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, sanyi ya kama masa gwiwa. Ya ce sai hunturu ya wuce, hunturu ya wuce, damina ta sake zagayowa. Keken yana zaure a jingine, tayoyin sun lotsa. Mutumin da ya shekara arba'in yana taka feda ya koma daga buzu sai masallaci. A gabana jikinsa ya riƙa sandarewa, ranar Alhamis kuma ba ya son a yi masa magana.

Babu wanda ya taɓa warware shelar nan. An yi wani zaɓen, kwamitin ya watse, 'yan acaba suka samu wasu abubuwan yi wa ihu. Masu keke suka fara komawa kwalta ɗaya-ɗaya, ba takarda ba taro. Wata safiya ina tafiya makaranta na ga mai man gyaɗan nan da ya karye, da jarkokinsa, yana taka feda a tsakiyar hannunsa, mota ta zo ta kauce masa ta wuce. Na tsaya na bi shi da kallo har ya ɓace. Ashe duk abin da ya rufe mu damina biyu, ba wanda ma yake tsaron ƙofarsa.

A ranar, da aka tashi daga makaranta, na je Kibiya. Daga cikin dattawan biyu sun rasu, wasu sun koma wurin wani matashin malami mai babur. Amma mutum huɗu suka ce in Malam zai zo, Alhamis za su shimfiɗa tabarma. Na dawo na ɗauki keken na kai wa mai faci, ya sa sabbin tayoyi, ya wanke sarƙa, ya ɗaure birki, ya ƙi karɓar komai. Ya ce in dai Malam zai sake hawa, ya isa.

Safiyar Alhamis na fito da shi ƙofar gida yana sheƙi. Na gaya wa mahaifina an koma hawa kwalta, babu mai hana kowa, kuma ana jiransa. Ya daɗe yana kallon keken. Sannan ya shiga ciki, ya fito da babbar riga. Ya kama kan keken, ya sa ƙafar hagu a feda, ya tura, ya ɗaga ta dama zai haye. Ƙafar ta tsaya a rabin hanya ta dawo. Ya sake gwadawa, diddigensa ya bugi kariya. Na matso na riƙe sirdin, na karkatar masa da keken. A karo na uku ya samu ya haye, ya zauna, amma da ya danna feda sai gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, keken ya tafi gefe da shi, na tare shi da ƙirjina. Ban taɓa sanin ya rame haka ba sai da na ji nauyinsa.

Na zaunar da shi a dakali. Yana haki, yana kallon ƙasa. A nan, ba tare da na shirya ba, na tsuguna na faɗa masa komai. Na ce ba mai faci ba ne, ba kwamiti ba ne, ni ne. Na ce kalma ɗaya na tsallake a tafireta, kuma na sani tun ranar shela. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in nuna masa. Na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta jimlar yadda ya kamata ta kasance, na karanta masa, sannan na goge haruffa biyun na sake karantawa.

Ya miƙa yatsa, a gurbin da na goge ya zana wawu guda na ajami, ya ɗora masa wasali a sama.

"Wannan?"

"Shi ne, Baba."

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na samu sauƙi. Bai yi ba.

"Ka je ka nemar min gafarar mai faci," ya ce. "Damina biyu ina ƙullace da bawan Allah a banza." Ya dafa bango ya miƙe, ya fara cire babbar rigar. "Sannan ka hau ka je Kibiya. Ka ce musu su naɗe tabarmar, kada su sake jira na."

Na hau kekensa na bi kwalta. Har na isa babu wanda ya ce min komai.